Jirgin Ƙasa Na Wasa: Na Da Ya Fi, Ko Kewar Ƙuruciya Ce Kawai?

Duk wanda ya yi wasa da jirgin ƙasa mai inji yana yaro, idan ya tashi saya wa ɗansa a yau, kusan magana ɗaya ce ke fitowa daga bakinsa: an lalata abin. Zai ɗauki kan jirgin ya ji shi sakayau, ya ga layin dogon na roba ne tun daga farko har ƙarshe, tagogin ma ba huda su aka yi ba, sitika aka manna. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma wannan kukan ba kewa ce zalla ba. Akwai abubuwan da aka rage da gaske, ana iya nuna su da yatsa har a faɗi shekarar da aka cire su. Sai dai mutane kan tsaya auna nauyin kan jirgi a tafin hannu, alhali babbar asarar a dogo take. Mai son ya saya ya huta, can ya kamata ya fara dubawa.

Misalin da ya fi fito da maganar fili shi ne na Lego, kamfanin nan mai 'yan tubalan roba na gini, domin faɗin dogonsa bai sauya ba tun 1966, don haka ana iya jera zamani kusa da zamani a gwada. Na farkon jirgin batir ne a kan shuɗin dogo. A 1969 aka kawo mai bolt 12, wanda ke shan wuta daga wasu siraran ƙarafa biyu da ake shimfiɗawa a tsakiyar layi. Daga 1980, lokacin da dogon ya koma ruwan toka, tsarin ya kai ƙololuwarsa. Yaro yana zaune gaban taransifoma da jerin maɓallai a gefenta. Ya danna wannan, mararraba ta karkata jirgi zuwa wani layi. Ya danna wancan, danja ta koma ja, jirgi ya ja birki ya tsaya. Akwai maɓallin da ke kwance tarago daga jikin jirgi, akwai na sauke shingen da ke tare motoci a mahaɗar titi da dogo, ga fitilun tasha. Yaron ba direba ba ne kawai, shi ne mai kula da layin gaba ɗaya.

A 1991 aka koma bolt 9, aka lulluɓe saman dogon kansa da ƙarfe. Ya fi kyan gani, ya fi sauƙin haɗawa, kuma har yau akwai masu cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Amma a nan ne aka yi sallama da mararraba da danja masu maɓalli, sai dai yaro ya tashi ya je ya karkata da hannu. A 2006 dogon roba zalla ya shigo tare da jirage masu batir da rimot, a 2007 kamfanin ya sanar da cewa ya bar dogon ƙarfe ke nan. Daga 2009 aka yi ta tafiya da tsarin Power Functions, mai rimot irin na talabijin, sannan a 2018 aka kawo Powered Up mai amfani da Bluetooth, wanda ake tuƙawa da rimot ko da waya.

To, an rage ko ba a rage ba? An rage. Jirgin yanzu yana ɗauke da akwatin batir shida a cikinsa, rimot ɗinsa yana cin huɗu, akwatin ya cinye wurin da a da ake gina ɗakin direba da inji, kuma idan batir ya fara sanyi za ka ga jirgin yana jan ƙafa a kwana. Amma a yi adalci. A dogon ƙarfe, jirage biyu da ke kan layi ɗaya tare suke tashi tare suke tsayawa, domin wutar ɗaya ce. Yanzu yara biyu kowa yana tuƙa nasa, wannan ya yi gaba wancan ya yi baya. A da idan ka lanƙwaso layi ya dawo ya haɗu da kansa ta yadda jirgi zai juyo, wuta ce za ta haɗe komai ya tsaya cak. Dogon roba ba ruwansa da wannan. Ba a goge shi, ba ya tsatsa, ba a neman soket, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, wanda ke nufin da kuɗi ɗaya za ka shimfiɗa layin da ya fi tsawo. Mafi muhimmanci, jirgin Lego na batir da aka saya bana yana tafiya a kan dogon 1991 lafiya lau. Tsohon mai bolt 9 ne ba zai motsa a kan sabon dogo ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta raba kamfanin da ya sauƙaƙa kayansa da wanda ya zubar da masu sayensa. Dubi Plarail na kamfanin Tomy a Japan. A 1959 ya fito a matsayin jirgin turawa da hannu, a 1961 aka sa masa batir. Shuɗin dogonsa da yadda yake sarƙewa da juna kusan yadda suke tun farko haka suke yau, don haka wanda ya gaji dogo daga mahaifinsa zai iya jona shi da wanda aka sayo jiya. Roba ce, ba ta taɓa zama wani abu ba sai roba, jirgin kuma gaba kawai ya sani, da ɗan makunni a samansa. Ba mai cewa Plarail ya lalace, saboda tun asali bai yi alkawarin abin da ya wuce haka ba, kuma ya riƙe alkawarin.

A kan wannan shuɗin dogon ne Tomy ya riƙa sayar da jirage masu batir na Thomas, jirgin nan na shirin talabijin na yara, a Turai da Amurka. A 2007 aka sauya musu dogo da suna, suka koma TrackMaster, daga baya Fisher-Price ya karɓi ƙera su. A 2014 aka sake fasalin komai: sabon dogo mai sabuwar mahaɗa, sababbin tayoyi masu kama dogo don hawan tudu mai tsini, ga ƙarin gudu. Wanda ya tara tsohon dogo sai da 'yar mahaɗa ta musamman kafin ya jona shi da sabo, tsofaffin jiragen kuma ba sa iya hawan sababbin tuddai. Nan ne kukan iyaye ya fi ƙarfi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ba wai robar ta fi ta da rauni ba ne kawai. Tunanin da ke bayan kayan ne ya sauya. A da kwali yana zuwa da miƙaƙƙen dogo, da kwana, da mararraba, da gada, yaro ya ƙirƙiri nasa layin yau ya rushe gobe. Saiti da yawa na baya-bayan nan kuwa abu ɗaya suka iya: jirgi ya hau tudu, ya yi tsalle ko ya faɗa ta wata ƙofa, ya zagayo ya sake. Hanya ɗaya ake haɗa su, kamar yadda hoton kwali ya nuna. A talla suna ɗaukar ido matuƙa. A ɗaki kuwa, bayan yaro ya kalli tsallen sau ashirin, ba abin da ya rage masa ya yi, tun da jirgin ne ke wasan, shi ɗan kallo ne.

Ba duk na da ne na kirki ba

Jiragen da suka rage daga shekarun 1950 waɗanda suka fi inganci ne, su aka adana a kabad, su aka gada. Masu araha na wancan zamani sun daɗe da shiga shara, ba mai tuna su. Lionel, wanda Joshua Lionel Cowen ya kafa a Amurka a 1900, ya yi suna da kawunan jirgi na zubin ƙarfe masu nauyi, masu fitar da hayaƙi tun 1946, masu maganaɗisu a ƙafafu don riƙe dogo tun 1950. Amma shi ɗin ne dai ya yi jerin Scout masu rahusa tun ƙarshen shekarun 1940, waɗanda aka rufe motonsu cikin kwanson roba, masu gyara har yau ba sa son ganin su. A Ingila, taragun farko na Rovex, wanda ya zama Tri-ang, an yi su da wata irin roba da ke lanƙwashewa da shekaru, rufin tarago ya gantsare. Zubin ƙarfen da ake yabo ma yana da cutarsa: idan tutiyar da aka narka ta gauraya da dalma, bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura ya tsattsage, taya ta ruguje a hannu, kuma ba magani. Dogon baƙin ƙarfe yana tsatsa. Fentin wancan lokaci sau da yawa akwai dalma a ciki, gefen kwanon da aka lanƙwasa yana yanka yatsa, taransifoma tana zafi.

Kuma jirgin lantarki na kirki a wancan zamani babbar kyauta ce da ba kowane gida ke iya saya ba. Wanda ya ɗauki jirgin da kakansa ya yi tanadi kafin ya saya, ya gwada da na batir mafi araha a kantin yau, bai yi gwaji ba. Abokin gwajin na arahar yau shi ne jirgin kwano mai makullin murɗawa irin na kamfanin Marx, wanda ke zagaye uku ya tsaya.

Abin da ya faru a zahiri shi ne kasuwar ta rabu biyu, tsakiyarta ta zube. A shekarun 1950 jirgi ɗaya ne uba da ɗa suke wasa da shi: mai ƙarfi ne har yaro ba zai karya shi da sauƙi ba, mai kama da na gaske ne har babba ba zai ji kunyar zama gabansa ba. Da motocin tsere na lantarki suka shigo, sannan wasannin bidiyo, sai yara suka ragu. Kamfanoni suka sha wuya. Meccano na Frank Hornby, mai jiragen Hornby Dublo tun 1938, ya faɗa hannun masu Tri-ang a 1964. Lionel ya miƙa ƙera jiragensa ga General Mills, kamfanin abinci, a 1969. Märklin na Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya durƙushe a 2009 kafin iyalan Sieber, masu kamfanin kayan wasa na Simba Dickie, su saye shi a 2013. Waɗanda suka tsira sun gane cewa masu kuɗin saye manya ne, sai suka bi su. Su kuwa yara aka koma neman su tun suna 'yan shekara uku, shekarun da ba a ba mutum waya da soket.

Dokokin kariya ma sun yi tasu rawar, kuma ba abin kuka ba ne. A 2007 an janye kayan jirgin katako na Thomas kusan miliyan ɗaya da rabi a Amurka saboda dalma a fenti, a shekara mai bi aka tsaurara dokar kayan yara a can. A Tarayyar Turai, dokar 2009 ta ƙayyade wutar kayan wasa kada ta wuce bolt 24, kuma ta ware ƙananan samfura masu tarin ƙawa da aka yi don masu tarawa 'yan shekara 14 zuwa sama, ba ta lissafa su cikin kayan wasa ba. Shi ya sa za ka ga kwalin jirgi mai kyau an rubuta 14 a jikinsa. Murfin batir mai noti, da fitilar da aka zana maimakon a dasa, da bututun hayaƙin da aka zuba haɗe da jiki don kada ya ɓalle yaro ya haɗiye, wani ɓangarensu tsimin kuɗi ne, wani kuma tsoron shaƙewa ne.

Idan ana son a ga inda inganci yake da inda babu, sai a kifa kan jirgin a duba cikinsa. Tsohon jirgin lantarki noti biyu ko uku ne ke riƙe da jikinsa. Ka kwance, ga moto a fili: kwayil ɗin tagulla, da 'yan sandunan kabon biyu da siririn sifirin ke dannawa, da giya ta ƙarfe. Kabon ya cinye, ka zare ka sa wani. Giris ya daskare, ka goge ka ɗiga sabon mai. Jirgin da ya shekara 60 a kwali yakan farka da aikin rabin sa'a. Na batir na yara kuwa, ƙaramin moto ne rufaffe da jerin giyoyin farar roba a cikin ɗan akwati. Abin da ke kashe shi sananne ne. Gashi da zaren kafet suna naɗewa a sandar taya har su zama kamar igiya, moto ya yi ta gurnani taya ba ta juyawa. Yaro ya danne jirgin yana tafiya, ko ya tura shi da ƙarfi alhali giya na ciki, haƙori ya karye. Ko kuma giyar da aka cusa a sandar ƙarfe ta tsage da kanta bayan shekaru, sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas a kowane juyi. Na huɗu shi ne batirin da aka manta a ciki ya yi yoyo, farin gari ya cinye ƙarfen da ke taɓa shi. Duk waɗannan ana gyara su, matuƙar jikin da noti aka ɗaure shi. Idan narka robar aka yi aka liƙe, ko aka sa noti mai kan da ba kowane sukundireba ke kamawa ba, to mai ƙerawar ya riga ya yanke cewa ba gyara. A wurina wannan ne ma'aunin inganci, ba nauyi ba. Akwai jirage marasa suna da ake cusa wa guntun ƙarfe a ciki don kawai su yi nauyi a hannu.

A ɗaya ɓangaren, wato na manya, duk mai cewa an ci baya bai riƙe na yanzu ba. Kamfanin Hornby ya kwashe aikinsa daga Margate ta Ingila zuwa Sin a ƙarshen shekarun 1990, Lionel ya bar ƙera yawancin nasa a Amurka a 2001, mutane suka yi ta ƙorafi, amma samfuran da suka biyo baya sun fi na da kama da jirgin gaske ba kaɗan ba. Moton yanzu yana iya rarrafe a hankali ba tare da fizga ba, abin da tsohon bai iya ba. Dogon farin ƙarfe mai nikel ba ya tsatsa. Tun da Märklin ya kawo tsarin dijital a 1984, sannan aka samu tsarin DCC na bai-ɗaya a shekarun 1990, kowane jirgi yana da 'yar na'urarsa da lambarsa, jirage da yawa a layi ɗaya kowa da gudunsa, da fitila, da ƙarar inji, da usur. Aibinsu ɗaya: ba na yara ba ne. Bututu da tsani da madafar hannu sirara ne ƙwarai, faɗuwa ɗaya daga tebur ta isa.

To wanne za a saya?

Ga ɗan shekara uku zuwa biyar, ni ba na ganin dalilin wahalar da kai da neman na da. A wannan shekarun hannu ne ke wasa, ba ido ba. Dogon katako irin na BRIO, wanda ya fito daga Suwidin tun ƙarshen shekarun 1950, yana da falalar da babu mai ita: na kamfanoni da dama, har da IKEA da Hape, galibi suna shiga juna, don haka ba a ɗaure ka da mai sayarwa ɗaya ba. Ka sayi dogo da yawa da taragun turawa, ka ƙara kan jirgi ɗaya mai batir. Kada a sa masa rai da yawa, tarago biyu ko uku yake ja, yakan kuma sauka daga layi a gangara. Idan kuma motsin ne yaron ya fi so, Plarail ya fi ƙarfin ja kuma ya fi zama a layi, kuma dogonsa yana hawa bene-bene. Jirgin Duplo na 2018, wato Lego na ƙananan yara, yana da dabara mai kyau ga wannan shekarun: yaro ya ɗan tura shi ya kama tafiya, ya ɗora hannu ya tsaya, kuma akwai 'yan fale-fale masu launi da ake sawa a dogo, wannan ya sa shi busa, wancan ya juya shi baya. Märklin my world, wanda aka fara a 2011, da Playtrains na Hornby na 2021, suna tsakanin wasa da samfuri: batir, rimot, dogon roba, siffar jirgin gaske. Suna da daɗi, sai dai a sani cewa ranar da yaro ya girma ya koma jirgin lantarki, dogon robarsu ba ya ɗaukar wuta, sabon dogo za a saya.

Daga shekara shida zuwa goma ne zaɓin ke da wuya, domin nan ne tsakiyar da ta zube take. Hanya biyu ce. Lego yana ba yaro aiki iri biyu, gini da tuƙi, idan jirgin ya faɗo ya tarwatse a sake haɗa shi, abin da ba wani jirgi da zai yi. Moto da akwatin batir da rimot kowanne daban yake, wanda ya mutu shi kaɗai za a sauya. Da'irarsa kwana 16 ce, faɗinta kusan santimita 70, tana shiga kowane ɗaki. Rauninsa shi ne kwali yakan zo da kwana da yawa da miƙaƙƙen dogo kaɗan, don haka a lissafa kuɗin ƙarin dogo da mararraba tun farko. Hanya ta biyu ita ce saitin farawa na lantarki na gaske, irin su Märklin Start up, ko jerin Railroad na Hornby, waɗanda aka rage musu ƙawa da gangan don su jure hannu. A nan sauƙaƙawar alheri ce. Wannan hanyar tana buƙatar babba a kusa, da wuri mai tsabta, zai fi kyau a kan allo ko tebur, domin kafet abokin gabar moto ne. Ladarta ita ce ba ta da ƙarshe: dogon da aka saya yau zai yi aiki bayan shekara 30, kuma yaro zai koyi yadda wuta ke tafiya ba tare da an zaunar da shi ba.

Wanda zai bi ta lantarki ya kula da girma da kuma irin wuta. Ma'aunin H0, kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske, mai dogo milimita 16.5, shi ya fi yawa a duniya, don haka kayansa suka fi samuwa. OO na Ingila dogonsu ɗaya da H0, jikin jirgin ne ya ɗan fi girma. Ƙaramar da'irarsu tana neman fili kusan mita ɗaya. Ma'aunin N, mai dogo milimita 9, ya dace da ƙaramin ɗaki, kuma dogon Unitrack na Kato yana haɗuwa da rabuwa sau da yawa ba ya saki, sai dai ɗora ƙananan tayoyinsa a layi yana ba ƙaramin yaro haushi. Ma'aunin O na Lionel da na G mai milimita 45, wanda LGB ya fito da shi a 1968, su suka fi dacewa da hannun yaro, su kuma suka fi cin wuri da aljihu. Tarkon da sababbi ke faɗawa shi ne ɗauka cewa duk H0 ɗaya ne. Märklin yana shan wuta daga 'yan ƙusoshi a tsakiyar layi, yawancin sauran kuwa daga dogayen biyu suke sha, kuma irin wutar ma ta bambanta. Jirgin wannan ba ya tafiya a layin wancan, ko da ya zauna daram a kai.

Na hannu fa? Idan akwai mai son kwance noti a gidan, tsohon jirgin lantarki yana cikin mafi riba, domin na manyan kamfanoni har yau ana samun kabon da tayoyin roba da giyarsu. Amma ka sayi jirgin ka bar tsohuwar taransifomar, ko aƙalla mai aikin lantarki ya duba ta, saboda rigar wayarta takan bushe ta farfashe. Kada kuma a jona tsohuwar taransifoma da jirgin dijital ba tare da an tabbatar sun dace ba, tana iya ƙona 'yar na'urar. Jirgin fenti na kafin shekarun 1970 ba na yaron da ke kai abu baki ba ne. Tsohon Lego mai bolt 9 kuwa, moton da dogon ba a ƙera su kuma, masu tarawa sun sa sun yi tsada, don haka sha'awar babba ce, ba hanyar farawa yaro ba. Na batir na hannu, buɗe murfin batir tukuna. In ka ga fari ko kore a jikin ƙarfen, ka san abin da ka saya.

Wanda zan ce a guje masa kai tsaye shi ne babban kwali marar sunan kamfani, mai hoton hayaƙi da fitilu da adadin guntaye da aka rubuta da manyan lambobi, rabinsu itatuwan roba ne da alamun hanya. Dogonsa ba ya shiga na kowa, ba a sayar da ƙari, haƙorin mahaɗa ɗaya ya karye da'irar ta mutu. Araha ba ta ado, amma nan ba ado ne ma matsalar ba, rashin gaba ne.

Sauran abu biyu na zamani da ya kamata a auna. Na farko batirin da aka rufe a ciki ana caji da USB. Yana hutar da mutum daga sayen batir, amma ranar da ya daina riƙe caji, in ba a iya ciro shi, jirgin ya zama na turawa. Jirgi mai cin AA ko AAA da aka haɗa da batura masu caji ya fi daɗewa, ko da yake bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, don haka gudun yakan ɗan ragu. Na biyu manhajar waya. Jirgin da ba ya motsi sai da manhaja rayuwarsa tana hannun kamfanin da ke sabunta ta, wayoyi kuwa suna sauyawa da sauri fiye da kayan wasa. A nemi wanda ke da rimot na hannu ko makunni a jikinsa, manhajar ta zama ƙari.

Kafin a biya, in ana iya taɓa kayan, a haɗa dogo biyu a raba su sau da yawa a ga ko mahaɗar tana fari a inda take lanƙwasa, alamar za ta karye ke nan. A juya kan jirgin a ƙirga notinan da sukundireba na gida zai kwance. A duba ko tayar da ke ja tana da zoben roba da ake iya sauyawa. Sannan a tambayi mai sayarwa ko yana da kwalin miƙaƙƙen dogo da mararraba na wannan jirgin shi kaɗai, ba tare da sabon jirgi a ciki ba, da kuma ko dogon da kamfanin ya sayar shekara goma baya yana shiga na yau. In ya ce babu, a ɗauki wani.